Cikina wata bakwai, numfashi na sarƙe min, ina tsoron ranar naƙuda

Assalamu alaikum Inna. Ni ƴarki ce daga unguwar Birni a nan Damagaram. Shekarata 21, cikin fari gare ni wata bakwai, malamar awo ta ce haihuwa za ta faɗo cikin Janairu in Allah ya kai mu. Tun ina ƙarama nake da fuka, ina da Ventoline ɗin da nake shaƙa, amma da ciki ya fito sai uwar mijina ta ce in ajiye shi, wai yana da sabo kuma yana sa ɗa ya zo da ciwon. Na ajiye. Yanzu ko shara na yi sai haki, da dare tari ya tashe ni, ƙirjina na kuka. Na ga wasu mata a waya suna koyar da numfashin naƙuda, na gwada, jiri ya ɗebe ni. Ga shi kullum ana gaya min mai haihuwar fari ba a jin muryarta, kuma wata mai kamawa za a kai ni goyon ciki ƙauyenmu bayan Magarya. Inna, tsorona kada numfashi ya ƙare min ina kan gwiwa. Ki koya min yadda zan yi.

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya raba ku lafiya, ya sa ki ji kukan ɗanki da kunnenki.

Zan koya miki numfashin naƙuda, amma sai mun kawar da abin da ya fi shi gaggawa. Macen da tari ke tasa tsakar dare, ƙirjinta na kuka, ba darasin numfashi take bukata a wannan makon ba. Maganinta take bukata, da likita. Ki ɗauko Ventoline ɗinki daga inda kika ajiye, ki duba ko kwanansa bai wuce ba, gobe da safe kuma ki tafi CSI, wato cibiyar lafiyar da kike awo, da karnenki, katin awonki ke nan, ba sai ranar da aka rubuta miki ta zo ba. Ki faɗa musu komai yadda kika faɗa min, har da maganar ajiye maganin.

Gaskiya ne masu ciki na haki, shi ya sa ake saurin cewa "ai cikin ne". Wajen biyu cikin uku na masu ciki suna jin kamar iskar ba ta isarsu. Sinadarin da ke riƙe ciki, wanda likitoci ke kira furojestaron, yana sa mace ta riƙa jan numfashi mai zurfi tun watannin farko. Jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya na aiki fiye da da, mahaifa kuma in ta girma sai ta tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da wajen santimita 4. Wannan hakin yana zuwa a hankali, yana tafiya in an zauna an huta, ba ya zuwa da tari ko kukan ƙirji, ba ya hana mace ƙarasa magana, ba ya tashin ta daga barci. Mai cikin fari ma takan ji sauƙinsa a watan ƙarshe, in ciki ya sauka ƙasa.

Naki ba shi ba ne. Naki fuka ce da aka bari ba magani, kuma an bar ta a lokacin da ta fi tashi, don a wajen masu cikin da take tsananta musu, tsakanin wata na shida da na takwas ta fi yin haka.

Surukarki ba mugunta ta yi miki ba, jikanta take tsoro wa, kuma tsoron magani a lokacin ciki ba wauta ba ne. Amma a nan lissafin ya juye. Ɗan da ke cikinki ba ya numfashi da hancinsa, daga jininki yake ɗibar iska ta mabiyiya da cibiya. Duk daren da kika kwana kina kokawa da numfashi, shi ma abin da ke isa gare shi ya ragu. Fukar da ba a kula da ita ba ita ce ke jawo ƙaramin jariri, haihuwa kafin lokaci, da hawan jinin ciki. Maganin shaƙa kuwa kai tsaye huhu yake zuwa, abin da ke shiga jini kaɗan ne, an daɗe ana ba masu ciki shi, kuma yawan da ake shaƙa ba ya tsayar da naƙuda. Fuka tana bin dangi, wannan haka ne, amma ta jini take bi, ba ta magani ba. Zancen sabo kuma, abin da mutane ke gani shi ne mai fukar da kullum hannunsa na kan abin shaƙa, sai su ɗora wa maganin laifi, alhali ciwon ne ba a kwantar ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da za ki roƙi likita. Ventoline buɗe hanya kawai yake yi na ƴan awoyi. Akwai wani na shaƙa daban, irin su beclometasone ko budesonide, da ake yi kullum safe da yamma ko da lafiya lau ake, shi ne ke kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska. Wadda ke bukatar Ventoline fiye da sau biyu a mako, ko fuka ke tasa da dare, ta kai a ba ta shi. Ba ya aiki nan take, sai an jure kwanaki, kuma ki riƙa kuskure baki bayan kin shaƙa. In CSI ɗinku babu, su rubuta miki takarda zuwa gaba.

Kada ki yi musu da surukarki a tsakar gida, ba za ki ci riba ba. Ki fara da maigidanki, ki nuna masa wannan amsar, ya raka ki likita ya ji da kunnensa. In da hali, ki roƙi Hajiya da kanta ta raka ki awo, ki ce ke ba kya riƙe bayanin malamai sosai. Abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba, za ta karɓa daga bakin mai farar riga, kuma ta dawo gida da mutuncinta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Mata da yawa suna fesa maganin a harshe da maƙogwaro, su ce ba ya aiki. Ga dabara mai arha. Ki samo robar ruwa ko ta lemo mai rabin lita, ki wanke ta da ruwan sabulu, ki kife ta ta bushe da kanta, kada ki goge cikinta da tsumma. A gindinta ki zana girman bakin abin shaƙar, ki huda da wuƙa ko ƙusa mai zafi, yadda zai shiga ya matse ba iska na fita ta gefe. In za ki yi amfani da shi sai ki girgiza maganin, ki soka shi a hudar, ki kama bakin robar da leɓɓanki, ki danna sau ɗaya, ki ja numfashi ki fitar a cikin robar sau biyar ko shida ba gaggawa. In za ki ƙara, ki sake girgizawa ki sake dannawa, ɗaya bayan ɗaya. Robar tana riƙe maganin har ki shaƙe shi, ko da numfashinki ya rikice. Ranar da fuka ta taso da ƙarfi, ki zauna a miƙe, ki ɗan sunkuya gaba, ki yi danni huɗu ta wannan hanyar, ana iya kaiwa goma, a maimaita bayan minti 20, amma ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Mai ciki ba ta jiran gari ya waye da fuka.

Sai kuma lokacin da haihuwarki ta faɗo. Janairu tsakiyar hunturu ne, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana rufe Damagaram har a kasa hango ƙarshen layi. Ba za ki hana ta zuwa ba, amma ranar da gari ya yi fari ki rage fita, in kin fita ki rufe hanci da baki. Shara ki bar wa wata, ko a yayyafa ruwa kafin a yi. Abin da ya fi ƙurar waje ɓarna ma a cikin gida yake: hayaƙin icce a madafa, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, da kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi. Na ƙarshen nan ba masu fuka kaɗai yake kamawa ba. Gawayi na fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum yana barci, kuma ɗan ciki ya fi uwarsa saurin jin ta. Ki ƙara bargo, ki bar kasko a waje. Turare kuwa na san rabuwa da shi ga amaryar Damagaram ba ƙaramin abu ba ne, amma ki ba shi hutu har ki sauka.

In kin je, ki ce a auna miki jini da tansiyo, wato awon hawan jini. Mun fito daga damina, zazzaɓin sauro ya gama cin jinin mata, kuma ƙarancin jini shi kaɗai yana sa haki da bugun zuciya. Awo ƙasa da 11 ga mai ciki ƙaranci ne, ƙasa da 7 kuwa hatsari ne. Jar ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku a awo ki sha ta kullum ko da ta baƙanta miki bayan gida, kuma ki raba ta da shayi da awa biyu, don shayi na hana jiki ɗaukarta. Fansidar na wata-wata, maganin kariya daga zazzaɓin sauro, da gidan sauro kada ki yi wasa da su. Hanta, wake, zogale, ki haɗa da lemo ko tumatir.

To, yanzu ga abin da kika tambaya.

Ki fara cire tsoron nan na cewa numfashi zai ƙare. Abin mamaki, fuka ba ta cika tashi a tsakiyar naƙuda ba, musamman ga wadda ta shigo da ciwonta a kwance, don jiki da kansa yana zubo sinadaran da ke buɗe hanyar iska a wannan lokacin. Abin da ke rikita mata galibi shi ne abin da ya same ki da kika kwaikwayi na waya. Kin ja iska da sauri, kin fitar da sauri, kin wanke wata iska da jini ke bukatar ya riƙe kaɗan daga cikinta. In ta yi ƙasa sai jiri, leɓɓa da yatsu su yi tsam-tsam, wani lokaci hannu ya ƙage, mace ta ɗauka mutuwa ce ta zo, ta ƙara haki, abin ya ƙara lalacewa. Jijiyoyin da ke kai jini mahaifa ma suna tsukewa, ka ga ɗa bai ci ribar wannan hakin ba.

Koyar da mata numfashi ba sabon abu ba ne. Wani likitan Faransa, Fernand Lamaze, ya je Tarayyar Sobiyet a 1951, ya ga yadda suke shirya masu ciki, ya koma Paris ya yaɗa hanyar. A cikin abin da aka koyar a wancan zamanin har da haki gajere-gajere na tsawon lokaci, wanda yanzu an bar shi saboda jirin nan. Kuma kada wani ya ruɗe ki da cewa numfashi na kawar da zafi. Naƙuda da zafi. Abin da numfashi ke yi shi ne ya hana ki ƙanƙame jiki, ya tanada miki ƙarfi, ya ba hankalinki abin riƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ta yarda a koya wa mai naƙuda a ƙa'idojinta na 2018, tare da yawo, cin abinci mai sauƙi da shan ruwa, da samun wadda mace ta zaɓa ta zauna kusa da ita.

Duk sirrin a fitarwa yake, ba a ja ba. In kin fitar da iska sosai, jiki zai jawo sabuwa ba sai kin roƙe shi ba. Ki ja ta hanci a natse, kina ƙirga uku ko huɗu a zuci, ki bar cikinki da haƙarƙarinki su buɗe, kafaɗu na ƙasa. Sai ki tsuke leɓɓa kaɗan ki fitar a hankali kamar mai hura kunu mai zafi a ludayi, ba mai son ya fantsama ba, kina ƙirga shida ko fiye. Kada ƙirgar ta zame miki wani sabon nauyi. In huɗu da shida sun yi miki tsawo, ki yi biyu da huɗu, muddin fitarwa ta fi ja daɗewa. Wannan tsuke leɓɓan yana da amfani na musamman gare ki, don yana hana ƙananan hanyoyin iska rufewa kafin iskar ta gama fita. Mata da yawa sun fi jin daɗin sa zikiri a madadin ƙirga: ki ja shiru, ki fitar da "La ilaha illallah" a jaye, ko "Ya Hayyu ya Ƙayyum". Tsawonsu ya yi daidai, kuma harshe ya riga ya saba.

Ga yadda ciwo ɗaya yake. Za ki ji mara da baya sun fara ɗaurewa, cikin ya yi tauri. Nan take ki sauke ajiyar zuciya guda, babba, ki saki kafaɗu, ki saki haƙora, ki buɗe tafin hannu. Sai ki shiga wancan numfashin. Ciwon zai hau, ya kai ƙololuwa, ya tsaya ƴan daƙiƙu, ya fara sauka. Dukansa wajen minti ɗaya ne, in ya yi tsawo minti ɗaya da rabi, wato numfashi bakwai zuwa goma. Ba naƙuda duka za ki ɗauka a kai ba, numfashi goma za ki yi. Da ya sake ki, ki sake sauke ajiyar zuciya, ki kurɓi ruwa, ki koma numfashinki na kullum, kada ki zauna jiran na gaba da jiki a ɗaure. A mafi yawan naƙuda lokacin hutu ya fi lokacin ciwo yawa, sai dai mai tsoro ba ta cin moriyarsa.

Ba ranar ake koyo ba. Daga yau ki ba shi minti goma bayan sallar asuba da minti goma kafin barci, wani lokaci a zaune, wani lokaci a kwance ta gefen hagu, wani lokaci a durƙushe kin dafa bakin gado. In ya zauna miki, ki sayi ƙanƙara, ki damƙe gutsure a hannu minti ɗaya ana duba miki agogo. Karon farko ki yi yadda jiki ya so, za ki ga kin ɗauke numfashi, kin ɗage kafaɗa, kin cije baki. Ki huta, ki sake da numfashin da na koya miki. Sanyin ƙanƙara bai kama ƙafar naƙuda ba, amma zai nuna miki halin jikinki in ya ji zafi, kuma wannan halin ne muke so mu canza. Wadda za ta raka ki asibiti ta zauna ta koya tare da ke. Aikinta ranar ba faɗa ba ne, ba "yi haƙuri" ba ne. In ta ga kin rikice, ta kawo fuskarta kusa da taki, ta yi numfashin da ƙarfi yadda za ki ji, ke kuma ki bi ta. In jiri da tsam-tsam sun zo, ki rage sauri, ki tsawaita fitarwa. Kada a rufe miki fuska da leda ko wani abu. In kuma kukan ƙirji kika ji, wannan ba na dabara ba ne, robarki da maganinki za ki ɗauka, ki gaya wa ungozoma.

Zancen cewa ba a jin muryar mai haihuwar fari, na san shi, da shi aka tashe mu duka. Ba ni da faɗa da kunya, amma ki dubi yadda ake yin shirun: a cije leɓe, a toshe baki da zane, a ɗauke numfashi har ciwo ya wuce. Ga mai fuka wannan shi ne mafi munin abin da za ta yi. Kuma kunyar nan ce ke sa yarinya ta kwana tana naƙuda a ɗaki ba ta gaya wa kowa ba, sai abu ya ɓaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, Alƙur'ani ya ba mu labarin abin da ta furta saboda tsanani, kuma amsar da ta samu ita ce kada ta yi baƙin ciki, ta ci, ta sha. Ba a ce mata ta yi shiru ba. Akwai bambanci tsakanin ihu da gurnani. Ihu mai tsini yana ɗaure maƙogwaro, ya cinye ƙarfi. Sauti mai kauri daga ƙasan ƙirji, "huuu" ko "aaah" a jaye, fitar da iska ne kawai da murya a kai, yana saki jiki, kuma ko wadda ke bayan labule da kyar za ta ji.

Wuri mafi wuya shi ne dab da buɗewar bakin mahaifa duka, wato santimita 10. Ciwo na zuwa kusa-kusa, jiki na rawa, wata ta yi amai, kusan kowace mace a nan take cewa ba za ta iya ba. In kin ji kanki kina faɗin haka, to an kusa. Wani lokaci nishi na zuwa kafin hanya ta gama buɗewa. A gida nan ne tsofaffi ke taruwa a kan yarinya da "yi nishi, yi nishi" tun da sauran tafiya, bakin mahaifa ya kumbura, ƙarfinta ya ƙare kafin a zo inda ake bukatarsa. In ungozoma ta duba ta ce tukuna, ki ɗaga haɓa ki riƙa hurawa gajere, "fu, fu, fuuu", biyu gajeru ɗaya dogo, har nishin ya wuce. Ba a iya hurawa da yunƙuri lokaci guda. Juyawa ta gefe ko durƙusawa a kan gwiwa da hannu ma na rage shi.

In ta ce hanya ta buɗe, ki bi jikinki. Nishi in ya zo ba ya bukatar a koya miki shi. Ki ja iska, ki sauke haɓa, ki tura ƙasa, kina barin iska ko gurnani na fita kaɗan-kaɗan. In kin riƙe numfashi, kada ya wuce daƙiƙa shida ko bakwai, ki saki, ki ja sabo, ki sake, sau uku ko huɗu a ciwo ɗaya. Dogon riƙewa har ido ya yi ja, fuska ta kumbura, yana rage iskar da ke isa ga ɗa, ke kuma ya bar ki a galabaice. Ki roƙa a ɗaga miki bayan gado ko a bar ki ta gefe. Kwanciya rigingine shimfiɗe tana sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, ga ta da takura numfashi. Kada ki yarda kowa ya hau cikinki da hannu ko gwiwar hannu wai yana taya ki. Sa'ad da kai ya fito bakin hanya za ki ji zafi kamar wuta, ungozoma za ta ce ki daina nishi. Nan ne kaɗai haki gajere yake da amfani: ki buɗe baki ki yi "ha, ha, ha" a hankali, kai ya zamo da kansa, don kada ki yage.

Goyon ciki kuma, ni ban goyi bayan a kai ki ƙauye ba, kuma ki ce Inna ce ta faɗa. Hikimar al'adar ita ce yarinya ta haihu kusa da uwarta, to a kawo uwar Damagaram. Mai cikin fari da fuka, a tsakiyar hunturu, wurinta inda akwai iskar oksijin, da jini, da wanda zai yi aiki in ta kama. A nan garin akwai cibiyar lafiyar uwa da yaro, ga babban asibitin ƙasa. Ki tambayi malamar awonki tun yanzu inda ya dace ki haihu, a rubuta "asma", wato fuka, ɓaro-ɓaro a bangon karnenki. Wannan rubutun ba ado ba ne. Cikin magungunan tsayar da jini bayan haihuwa da na saukar da hawan jini akwai waɗanda ke tayar da fuka, kuma akwai madadinsu in an sani. Haka aspirin, ibuprofen da diclofenac da masu yawo da magani ke sayarwa a tire: suna tayar wa wasu masu fuka da ciwo, kuma dama ba na mai tsohon ciki ba ne. Paracetamol ya ishe ki. Maigida ya ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗauka ko ƙarfe nawa ne, don mai naƙuda ba ta hawa babur ɗin kabu-kabu. Maganin shaƙarki da robarki su kwana cikin jakar haihuwa. Da ciwo ya daidaita yana zuwa a jere, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, ku kama hanya.

Akwai numfashin da ba a yi masa dabara ko kaɗan, kafin haihuwa ko bayanta. In kina zaune ba abin da kike yi amma kina haki, ko ba kya iya ƙarasa magana sai kin tsaya, ko leɓɓanki sun canza launi, ko kin shaƙi magani bai sake ki ba, asibiti ne a daren. Haka in numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji, ko kin yi tarin jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, don jinin mai ciki da mai jego yana saurin daskarewa, gudan kuma na iya tafiya huhu. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska alamar hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga ne. Motsin ɗa in ya ragu, shi ma kada a kwana. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, ga rama da zufar dare, a gwada majina saboda tarin fuka, wanda ciwo ne daban da fukarki, kuma yana da magani.

Bayan kin sauka ki ci gaba da maganinki, ba ya hana shayarwa. Amma ki sa ido kan wani abu da ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da galibin duniya: zuciyar mai jego ta raunana a watannin farko bayan haihuwa. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, na Yamai ma sun gan shi da yawa. Na Zariya sun danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da ya biyo baya bai ɗora wa waɗannan laifin duka ba, ya nuna hannun hawan jini da rashin abinci mai gina jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma wadda ke da kumburi ko hawan jini ba ta da abin yi da ita. Ke da kike da fuka, hatsarin shi ne a ga kina haki a ce "ciwonta ne ya tashi", a yi ta ba ki Ventoline. Alamar da ke raba su: ƙafafu su kumbura, ki kasa kwanciya sai kin jingina da matasai, ki farka tsakar dare kamar an shaƙe ki, maganin shaƙa kuma bai yi komai ba. In haka ta faru ki ce a duba zuciyarki. Wankan jego ki yi shi da ruwa mai ɗumi da jiki zai ɗauka, a dafa ruwan nesa da ɗakinki don hayaƙi, jariri ma huhunsa zai gode miki.

In kin dawo daga likita ki sake rubuto min, ki faɗa min nawa suka samu a awon jininki da tansiyo, da sunan maganin da suka ƙara miki. Ki gaida Hajiya da maigidan.